Yadda Ake Gina Jarumin Bincike Irin na Tsofaffin Mujallun Araha na Amurka

Jarumin bincike na tsofaffin mujallun Amurka an ƙera shi ne don ya dawo. Ya warware kisa a wannan fitowa, wata mai zuwa ya sake bayyana da wata gawar, a yi ta haka shekara da shekaru. Mai son rubuta irin wannan labari ya fara riƙe wannan, domin kusan duk wata dabara da za a ambata a nan daga ita ta samo asali. Masu koyo da yawa sukan ɗauki malafa da doguwar kwat da hayaƙin sigari, su bar abin da ke tafiyar da labarin.

A 1896 Frank Munsey ya mayar da mujallarsa Argosy ta koma ƙagaggun labarai zalla, ana buga ta a kan takarda mafi araha da ake yi da niƙaƙƙen katako, mai kaushi, mai saurin yin ja. Irin waɗannan mujallu su ake kira falf. Galibinsu faɗinsu inci 7 ne, tsawo inci 10, shafi wajen 128, ana sayarwa daga senti 10 zuwa 25. Marubuci kuwa yawanci senti ɗaya ake biyansa a kan kowace kalma, wato labari mai kalma 6,000 dala 60 ke nan. Wanda zai ci abinci da wannan sana'a dole ya yi rubutu da sauri, kuma ya mallaki jarumin da ba sai ya sake ƙirƙirarsa kowane mako ba.

Zaɓi irin jarumin tukuna

Iri uku ne suka fi tashe, kuma kowanne yana da hanyar da yake bi ya gano bakin zare. Hanyar ita ce za ta tsara maka labarin gaba ɗaya.

Na farko gwanin ɓad da kama. Nick Carter, wanda ya fara fitowa a New York Weekly a 1886, shi ne uban tafiyar. Mahaifinsa ya hore shi tun yana yaro, yana da ƙarfi, yana da ilimi, yana iya rikiɗa ya zama tsoho ko baƙauye ya kutsa cikin 'yan ta'adda. A Ingila takwaransa shi ne Sexton Blake, wanda ya bayyana a 1893, daga baya aka haɗa shi da yaronsa Tinker da karen farauta mai suna Pedro. Irin wannan jarumi yana samun gaskiya ne ta hanyar shiga inda ba a gayyace shi ba, don haka labarinsa yana buƙatar maɓoya, ƙungiya, da lokacin da asirinsa zai tonu a tsakiyar maƙiya.

Na biyu ɗan gwagwarmayar titi, wanda mujallar Black Mask ta yi renonsa. An kafa ta a 1920, a 1923 kuma Carroll John Daly ya fito da Race Williams, mutumin da bindiga ke riga bakinsa magana. A watan Oktoban shekarar Dashiell Hammett, wanda ya taɓa aiki da kamfanin bincike na Pinkerton, ya kawo wani ma'aikaci marar suna, gajere, mai ƙiba, ya fara manyanta, yana yi wa wani kamfanin bincike aiki a San Francisco. Wannan jarumi da ƙafa yake aiki: ya buga ƙofa, ya yi tambaya, a yi masa ƙarya, ya faɗa wa wannan abin da wancan ya ce, ya tsaya ya ga wa zai firgita.

Na uku mai rufe fuska, mai ramuwar gayya, irin Shadow. Shi da murya ya fara, a wani shirin rediyo na 1930, sai masu sauraro suka riƙa zuwa wajen masu sayar da jaridu suna neman mujallarsa, alhali babu ita. Kamfanin Street & Smith ya fito da ita a 1931, Walter Gibson ya rubuta sama da 280 daga cikin labaransa 325 da sunan aro. Irin wannan jarumi yana aiki da wakilai da ya baza a gari, kuma ba a cika shiga zuciyarsa ba; ta idon yaransa ake ganinsa.

Ga mai farawa, na biyun ya fi sauƙin sarrafawa, kuma ya fi jure zamani. Kada ka gwamutsa su. Jarumin da ya iya ɓad da kama, ya iya dambe, ya san guba, ga kuɗi, ga wakilai, babu abin da zai ba mai karatu fargaba a kansa.

Abu biyar da za ka rubuta game da shi

Shafi ɗaya ya isa. Wa ke biyansa, kuma nawa? Mai aiki a ƙarƙashin kamfani yana da maigidan da zai ba rahoto, mai zaman kansa kuwa kuɗin hayar ofis na iya sa shi karɓar aikin da ya san yana wari. Sai gwanintarsa guda ɗaya, wadda da ita zai kuɓuta a ƙarshe. Sai rauninsa, wanda dole ya zama abin da mugu zai iya amfani da shi. A ƙarshen shekarun 1930 har an yi yayin jarumai masu lalura, ciki har da wanda jininsa ba ya tsayawa idan ya ji ciwo, ta yadda ɗan ƙwarzane ma barazana ce gare shi. Ba sai ka kai can ba, amma ka lura da hikimar: raunin yana shiga kowane faɗa. Na huɗu, abin da ba zai taɓa yi ba ko nawa aka ba shi, misali tona asirin wanda ya ɗauke shi aiki. Na biyar, dangantakarsa da 'yan sanda: a samu sufeto ɗaya da ke sauraronsa, da wani da ke neman hanyar ƙwace masa lasisi.

Duk abin da ka rubuta a shafin nan wanda ba zai haddasa wani aiki a cikin labari ba, goge shi. Launin idonsa da sunan makarantarsa ba su warware kisa.

Mataimaki yana da amfani ɗaya babba: jarumi ya samu wanda zai yi wa bayani da baki, maimakon ya yi ta tunani shafi biyu. Kuma ba dole jarumin ya zama namiji ba. A 1937 an yi Carrie Cashin, wadda ta ajiye wani namiji a gaban ofis a matsayin maigida saboda masu kawo aiki ba sa yarda da mace, alhali ita ce mai kamfanin.

Fara daga gawa, ka dawo baya

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ganganci. Kafin ka rubuta layin farko, rubuta labarin mugu daga farko zuwa ƙarshe, da sa'o'i: me yake so, me ya hana shi samu, ƙarfe nawa ya yi kisan, da me, wa ya gan shi, wace ƙarya ya shirya, kuma wane kuskure ya yi. Mai karatu ba zai ga wannan takarda ba, amma duk alamar da jarumi zai tsinta daga cikinta za ta fito.

Ga misali. Shekarar 1928 ce, a wani birnin Amurka mai tashar jirgin ruwa, lokacin da dokar hana sayar da barasa ke aiki (ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933, ita ce ta azurta 'yan fasa-ƙwauri). An tsinci akawun wani kamfanin dakon kaya a mace a kujerarsa, libarba a hannunsa. 'Yan sanda sun ce kashe kansa ya yi. Ɗaya daga cikin masu kamfanin ya ɗauki jaruminka ya nemo wani littafin lissafi da ya ɓace. A takardarka ta sirri kuwa, wannan mai kamfanin shi ne ya harbe akawun da ƙarfe bakwai da rabi na yamma, da bindiga mai sarrafa kanta, saboda akawun ya gano kuɗin barasar da ake shigarwa cikin lissafin kamfani. Ya ɗora masa libarba a hannu, ya dawo da dare ya yi ta lalube bai ga littafin ba, ya kira wani ta wayar ofishin.

Daga nan alamu uku na gaskiya sun fito da kansu. Kwanson harsashi da ya gangara ƙarƙashin akwatin takardu: libarba ba ta tofar da kwanso, yana zama a cikinta har sai an buɗe an zazzage, don haka wata bindiga ce ta yi aikin. Sai littafin mai haɗa waya na ginin, wanda ya nuna an yi kira daga ofishin da ƙarfe tara da minti arba'in, alhali likita ya ce mutumin ya rigaya ya mutu. Ta uku, kuma ita ce mai kama ɓarawo, mai kamfanin ya ambaci launin bangon littafin tun a ganawar farko, bayan ya ce bai taɓa ganinsa ba.

Yanzu ƙara alamu biyu na ruɗu, kowace tana nuna wani mutum da yake da abin ɓoyewa na gaske wanda ba kisan ba ne. Matar akawun ta yi ƙarya a kan inda take a daren, saboda tana gidan caca. Maigadi ya ɓoye cewa ya bar bakin aikinsa awa guda. Alamar ruɗu da ba ta da dalili sai don a yaudari mai karatu, ha'inci ce, kuma yana ganewa.

Waɗanda ake zargi uku ko huɗu sun isa. Masu suna a labarin duka kada su wuce bakwai, kuma kada sunaye biyu su fara da harafi ɗaya. Mugun dole ya bayyana tun a kashi na farko. Wannan tana cikin ƙa'idoji goma na labarin bincike da marubucin Ingila Ronald Knox ya tsara a 1929, kuma ko marubutan da suka yi watsi da sauran ba su cika karya ta ba, domin babu abin da ke ɓata wa mai karatu rai kamar a ce masa makashin wani ne da aka fara gani a shafi na ƙarshe.

Yadda ake ɓoye alama ba wuya. Sa ta a tsakiyar jeri: jarumi ya ga toka, tsohuwar jarida, kwanson harsashi, kofin da ya bushe. Ko ka ajiye ta sannan nan take a buga ƙofa da ƙarfi, hankali ya koma can. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne jarumi ya ga abu, a hana mai karatu gani.

Rabon kalmomi

Lester Dent, wanda ya rubuta mafi yawan labaran jarumin falf Doc Savage tun daga 1933, ya bar wani tsari na labari mai kalma 6,000 da har yau ake koyarwa. Ya raba shi gida huɗu, kowanne 1,500. Ya kuma ce kafin a fara a nemi sabon abu a ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan: hanyar kisa, abin da mugu ke nema, wurin da abin ya faru, da barazanar da ke rataye a kan jarumi.

A kashi na farko, jarumi ya bayyana tun a layukan farko kuma matsala ta same shi nan take. A shigo da duk manyan mutanen labarin, a yi karo na jiki kusa da ƙarshe, a rufe da ba-zata. A misalinmu: mai kamfani ya kawo aiki, jarumi ya je ofis ya ga kwanson, wani ya far masa a matakala, ya farfaɗo ya tarar an ɗauke kwanson daga aljihunsa.

Kashi na biyu ƙarin wahala ne. Ya bi matar, ya bi maigadi, kowanne ya yi masa ƙarya, sufeton da ba ya ƙaunarsa ya gargaɗe shi, sannan a tsinci maigadin a cikin ruwa. A kashi na uku ya samu ci gaba na gaske, ya ga littafin mai haɗa waya, ya gano inda akawun ya ɓoye lissafin, har ya ɗauka ya gama, sai ya kai littafin hannun wanda ya ɗauke shi aiki. Nan ya faɗa rami mafi zurfi. Kashi na huɗu a ƙara danne shi, sannan ya fita da gwanintar nan tasa guda ɗaya da ka rubuta tun farko. Idan 'yan sanda ne suka faɗo ta taga a daidai lokacin, ko igiyar ta tsinke da kanta, labarin ya mutu.

Kowane kashi yana ɗaukar fage biyu ko uku, na kalma 500 zuwa 700. Bayanin ƙarshe, inda jarumi ke warware yadda aka yi, kada ya wuce kalma 400, kuma a yi shi yayin da haɗari bai gushe ba, bakin bindiga na kallonsa. In an riga an ɗaure mugu, kowa ya zauna, babu mai haƙurin sauraron lacca.

Kayan zamanin

Kurakuran da suka fi tona asirin marubuci na kayan aiki ne. Libarba galibi harsashi shida take ci, bindiga mai sarrafa kanta Colt ƙirar 1911 kuwa bakwai a gidan harsashinta. Ƙirga harbin da aka yi a kowane faɗa. Na'urar rage ƙara ba ta aiki a kan yawancin libarba, saboda iskar harbi na fita ta tsagar da ke tsakanin gangar harsashi da bututu. Zanen yatsa an san shi, domin 'yan sandan Landan sun buɗe sashensa tun 1901, don haka mugu mai wayo zai sa safar hannu. Gwada harsashi da bindigar da ta harba shi ta madubin ƙara girma ya fara kankama ne a wajen 1925, ya yi suna bayan kisan gillar Chicago na 1929. A labarin 1928, sufeto na iya yin biris da shi. Jini kuwa rukuninsa kawai ake iya sani: yana iya wanke mutum, ba ya iya nuna mutum ɗaya tak. Gwajin ƙwayoyin halitta sai a shekarun 1980.

Gawa takan fara sandarewa bayan awa biyu zuwa shida, ta gama a wajen awa 12, kuma zafi ko sanyin ɗaki na sauya lissafin. Likitan da zai ce mutum ya mutu ƙarfe bakwai da minti talatin da biyu, maƙaryaci ne. Tazara zai bayar, tsakanin ƙarfe shida da takwas, kuma a cikin tazarar nan ƙaryar waɗanda ake zargi ke samun wurin zama.

Babu waya a aljihu. Jarumi sai ya nemi rumfar waya a kantin magani ko otal, ya jefa kuɗi. Wannan alheri ne gare ka: mutum na iya ɓacewa awa uku ba wanda ya san inda yake.

Harshe, da abin da bai kamata a gada ba

Joseph Shaw, wanda ya riƙe Black Mask daga 1926 zuwa 1936, ya matsa wa marubutansa su tsuke magana, su bar aiki ya nuna hali. Ka bar jarumi ya ba da labarin da bakinsa, jimloli gajeru, abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. Maimakon ka ce matar ta tsorata, ka ce ta kunna ashana uku kafin sigarin ya kama. A hira, kada kowa ya amsa tambaya kai tsaye sai an matsa masa.

Biyan kuɗi a kan kalma ya haifar da wata cuta ta cika shafi: faɗan da bai sauya komai ba, harbi shida inda ɗaya ya isa, jarumin da ake buga wa gindin bindiga a ƙeya a kowane babi ya tashi garau. Su suna da uzurin haya, kai ba ka da shi. Suma sau ɗaya a labari ta wadatar, kuma ya tashi da jiri da amai. Raymond Chandler, wanda ya fara da Black Mask a 1933, ya taɓa cewa dabarar lokacin ita ce idan ka rasa abin yi, ka sa mutum ya shigo da bindiga a hannu. Tana aiki, da sharaɗin ka koma takardarka ta sirri ka samo wanda ya aiko shi da dalilin aiken. Shi kansa Chandler ya bar gawar wani direba a littafinsa na farko na 1939 ba tare da an san wanda ya kashe shi ba, har masu shirya fim suka tambaye shi ya ce shi ma bai sani ba. Ƙarfin alƙalaminsa ya rufa masa asiri. Sabon marubuci ba zai samu wannan rangwame ba.

Akwai kuma gadon da ya kamata a bar shi a can. Mujallun nan cike suke da mugayen da laifinsu kawai launin fata ko ƙasar da suka fito, musamman 'yan Asiya da baƙar fata, da mata waɗanda aikinsu ihu a bangon mujalla. Ko ta fuskar sana'a ma ragwanci ne: mugun da aka gane daga kamanninsa ya kashe wasan tun a shafi na biyu.

Bita da labari na biyu

Idan ka gama, ɗauki alƙalami mai launi ka ja layi a ƙarƙashin kowace alama, ka rubuta lambar shafinta a gefe. Duk hujjar da jarumi ya kawo a bayanin ƙarshe dole ta kasance tana da layi a baya. Sannan ka jera gawawwakin, kowace ka rubuta wanda ya kashe ta da dalili. Ka ba wani ya karanta ya tsaya a ƙarshen kashi na uku ya faɗi wanda yake zargi. In ya canka ba tare da wata-wata ba, ɗaya daga cikin alamunka ta yi ƙara da yawa, mayar da ita tsakiyar jeri. In kuma bayan ya gama ya ce babu yadda za a yi ya gane, akwai wadda ka binne fiye da kima ko ka manta ba ka saka ba.

Sunayen tsofaffin jaruman nan da dama har yanzu mallakar kamfanoni ne, don haka ka ƙirƙiri naka suna da naka ofis. A labari na biyu, abu uku ne za su dawo yadda suke: hanyar aikinsa, rauninsa, da mutanen da ke kewaye da shi. Wuri, abin da ake nema da hanyar kisa su sauya. Ka sake gabatar da shi a jimla biyu ko uku, domin mai karatun da ya tsinci wannan fitowa wataƙila bai ga ta farko ba, kuma ka buɗe wani littafi na daban da za ka riƙa rubuta duk tabon da ya samu, duk bashin da ake binsa, da sunan duk sufeton da ya ɓata wa rai.